Kyaftin Ɗin Cunnamulla

Duk wanda ya zauna a Cunnamulla ko na wata guda ne ya san Wally Kinnear, don in bai gan shi ba zai ji muryarsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jan babbar motar ɗaukar tumaki mai tirela uku, kuma ranar da ya ajiye mukullin mota bai haɗa da bakinsa ba. In ka ce ka kama kifi, shi ya taɓa kama wanda sai da aka kira maƙwabta suka taya shi ja. In ka ce ka ga maciji, shi ya taɓa yini guda da ɗaya a cikin takalminsa.

Matarsa Maureen ce kaɗai take iya taka masa birki, ita kuwa shekara uku ke nan da rasuwarta. A watan Maris ya ɗora nama a wuta, ya leƙa ta kan shinge don ya ba maƙwabci wani ɗan gajeren labari. Labarin ya yi tsawo, labulen kicin ya tafi, rabin bango ya bi shi. 'Yarsa Kerryn ta yi tuƙin awa bakwai daga Toowoomba, ta tsaya tana kallon baƙin bangon, hannu a ƙugu.

"Baba, na gyara ɗan ɗakin nan na cikin lambuna. Akwai talabijin, akwai komai. Zaman kai kaɗai ya ƙare."

"Ni za a ajiye a lambu kamar tsohon injin yankan ciyawa?"

"Injin yankan ciyawa bai taɓa ƙona mini kicin ba."

A kan tebur akwai wata takardar talla mai hoton farin jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu. Idon Wally ya faɗa kanta, bakinsa kuwa bai jira shawarar kansa ba.

"In gaya miki, yawon teku ma nake shirin tafiya. Kwana goma, har Vanuatu, ni kaɗai. Mutumin da zai ratsa teku shi kaɗai ne za a ce bai iya zaman gidansa ba?"

Kerryn ta ce, "To, ka je. In ka dawo ba tare da wani ya bugo mini waya a kanka ba, na bar maganar. In aka bugo ko sau ɗaya, da kaina zan haɗa maka kaya."

Kafin yamma labarin ya zaga kulob ɗin da tsofaffin garin suke haɗuwa, don shi ya kai shi da kansa.

"Teku a jinina take," in ji shi. "Kakana matuƙin jirgi ne."

"Kakanka kwale-kwalen fito yake ja da igiya a Bourke," in ji maƙwabciyarsa Noelene Stubbs, ba ta ko ɗago kai daga saƙarta ba. "Kuma an ce shi ma ya taɓa ɓata."

"Ke me kika sani game da ruwa?"

"Na san ruwan da na taɓa ganin ka ƙetare shi ne kogin Warrego, a kan gada, da gilashin mota a rufe."

Wally ya ce za ta ga hoto. Zai zauna teburi ɗaya da kyaftin ɗin jirgin, kuma kafin a gama cin abinci kyaftin ɗin ne zai riƙa tambayarsa shawara.

A Brisbane, kwana ɗaya kafin tashi, ya shiga wani shagon gwanjo neman gajeren wando, ya fito da farar kwat mai maɓallan tagulla da hula mai zaren zinariya a goshi. Ya duba madubi ya ga mutumin da ya kamata a ce tun farko shi ne.

Ko minti biyar bai yi a cikin jirgin ba wani magidanci mai 'ya'ya huɗu ya tare shi. "Ranka ya daɗe, ina ɗakin cin abinci?"

Wally ya ji wannan "ranka ya daɗe" har tafin ƙafarsa. Ya nuna hagu, ya ce a sauka bene biyu. Daga baya aka samo iyalin a ɗakin wanki. Wata tsohuwa ta kawo masa ƙarar matashin kanta, ya yi mata alkawari zai hukunta wanda ya yi sakaci. Shi kansa sai da ya yi awa guda yana zagaye kafin ya gano nasa ɗakin, wani ɗan akurki marar taga a can ƙasa.

Yana kwanciya ya ji gado yana rawa. Bango ya karkata, cikinsa ya juya, ya rarrafa zuwa banɗaki ya mayar da duk abin da ya ci tun daga Charleville. Mai gyaran ɗaki, wata mata mai suna Marisol, ta shigo da tawul ta same shi rungume da bokiti, hula a kansa.

"Teku ta yi fushi yau, baiwar Allah," in ji shi da ƙyar. "Sau ɗaya na taɓa ganin irinta, a gaɓar Fiji. Ki riƙe wani abu kada ki faɗi."

"Yallabai, ba mu tashi ba. Jirgin yana ɗaure. Injin wanki ne a ƙarƙashin ɗakinka."

"Na sani," in ji Wally. "Gwada ki nake yi."

Da aka busa jiniya don a koya wa fasinjoji sa rigar ceto, ya fito yana layi. Aka miƙa masa tasa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ga rami, ya zura ƙafafunsa ya ja ta zuwa ƙugu kamar wando. Mutum goma sha ɗaya da ke kusa suka dubi hularsa, suka cire nasu daga wuya suka bi sahu. Wata doguwar jami'ar jirgin ta zo ta tsaya a gabansu, ta ƙirga su da ido.

"Yallabai, wannan ramin na kai ne."

"A jiragen da, haka muke yi."

"Shi ya sa ba su yi saura ba," in ji wata murya daga baya.

Ya sake haɗuwa da mai muryar ƙarfe shida, a teburin da ake tara waɗanda suka zo su kaɗai. Glenys Hartog sunanta, gajeriyar dattijuwa mai hannu kamar katako, tana ɓare jatan lande ba tare da ta kalle su ba. Kusa da ita wani Mista Pappas, tsohon mai kantin magani daga Adelaide, mutum mai sanyin hali wanda ko an ce masa an ga saniya a kan bishiya zai tambayi launinta ne kawai.

"Ashe da kyaftin muke tare," in ji Pappas, har da miƙewa tsaye.

"Mai ritaya," in ji Wally, yana yi masa alamar ya zauna. "Na zo ne in ga yadda yaran yanzu suke yi."

"Wane jirgi?" in ji Glenys.

Wally bai shirya wa wannan ba. Suna ɗaya ne ya zo masa. "Maureen."

"Ban san ta ba. Shekara nawa ka yi da ita?"

"Talatin da takwas."

"Ta sha ruwa. Nauyinta fa?"

"Ba a tambayar nauyinta. Wanda ya gwada bai ji da daɗi ba."

"Tana jin sitiyari?"

"Inda ta ga dama take zuwa," in ji Wally. "Ni dai ina riƙe da shi ne don mutane su gani."

"Yanzu tana ina?"

Ya ɗauki cokali ya ajiye. "Ta tafi, shekara uku ke nan."

Glenys ta dube shi, ta dubi zoben da ke yatsansa, ta tura masa farantin jatan landen. Da ya yi shiru a nan da ya tsira. Amma Pappas ya tambaye shi ko ya taɓa gamuwa da guguwa, sai ga shi yana ba da labarin ranar da ya ɗaure kansa a jikin sitiyari kwana uku yana cin ɗanyen kifi.

"Ke fa, 'yar'uwa, me kike yi kafin ki tsufa?" ya tambayi Glenys da ya gama.

"Ɗan kamun jatan lande a Karumba."

"Sana'ar bakin ruwa," in ji Wally, cikin tausayawa. "In kina son sanin wani abu game da teku ta gaske, kada ki ji kunya."

"Na gode, Kyaftin," in ji matar da ta yi shekara talatin tana jan jirginta a tekun arewa.

Pappas ya yaɗa labarin Kyaftin a jirgin kaf. Kwana na uku Wally ba ya iya zuwa ɗibar shayi ba a tare shi ba. Da hantsi ya ari tabaran hangen nesa na Pappas, ya tsaya a saman bene yana duban teku da fuskar masani, sai ya daskare.

"Ga babban kifin nan mai feshin ruwa. Can, dama da mu. Ya kai tsawon motar tumaki."

Muryarsa ba ta buƙatar lasifika. Mutane suka fito daga tafkin wanka da ruwa a jiki, masu karin kumallo suka bar faranti, wani ma'aikaci ya yi karo da su tiren kofuna ya tarwatse. Ɗaruruwan mutane suka jingina da ƙarfe, wayoyi a sama, suna kallon ruwa fetal.

"Ina yake, Kyaftin?"

"Yana bin mu. Duk inda na juya yana nan. Dabba mai wayo."

Glenys ta karɓi tabaran, ta juya shi, ta sa babban yatsa ta goge wani ɗigon jam ɗin shafa wa burodi da ya manne a gilashin, ta lashe.

"Na kashe shi," ta ce. "Na lemu ne."

Wally ya bayyana wa jama'a cewa kifin ya nutse ne don hayaniyarsu ta yi yawa. Rabinsu suka yarda, har suna ba shi haƙuri.

Kwana na biyar jirgin ya jefa anga nesa da wani ɗan tsibiri, ƙananan jirage suka riƙa kwasar mutane zuwa gaɓa. Aka yi ta nanatawa a lasifika cewa jirgin ƙarshe zai bar tsibirin ƙarfe huɗu, kuma wanda ya makara ya nemi hanyarsa ta komawa gida. Wally ya kwance agogonsa ya damƙa wa Pappas a gaban mutane.

"Riƙe mini wannan. Ɗan teku rana yake dubawa."

Ya bar taron a babban bakin ruwa inda ake hura wutar gashi, ya zaga bayan wasu duwatsu zuwa wani lungu da ba kowa sai rumfar wani mai suna Silas da matarsa Mama Leisale. Kava suke sayarwa a ɓawon kwakwa, abin shan tsibirin mai kashe jiki, mai launin ruwan wanki.

"Ɗaya ya isa baƙo, Baba," in ji Silas.

"Baƙo? Tun ba a haife ka ba nake shan wannan da sarakunan tsibirai."

Ya shanye huɗu. A na biyu leɓensa ya mutu. A na huɗu ya buɗe baki zai ba da labari, harshen ya ƙi tashi, abin da bai taɓa faruwa ba tun yana ɗan shekara biyu. Ya jingina da wata bishiya don ya ɗan duba yanayin iska, barci ya yi gaba da shi.

Ƙahon jirgi ne ya tashe shi, dogo, mai girgiza ƙirji. Ya ɗaga kai neman rana, gajimare ya rufe ta ruf. Ya duba dama da hagu, ba fasinja ko ɗaya. Ya dubi teku, sai ya ga jirgin da ya bari yana fuskantar tsibiri yanzu ya juya masa baya.

Bai san ƙahon tsakar rana ba ne da ake busawa kullum, don duk kwanakin nan a wannan lokacin yana ɗakinsa tare da bokiti. Bai kuma san jirgi yakan juya a kan angarsa in ruwa ya sauya ba. Abin da ya gani a ransa shi ne wayar Kerryn tana ƙara a Toowoomba, da ɗan ɗakin lambu, da gidansa da Maureen ta dasa wa furanni an kafa masa allon sayarwa.

Ya tashi da gudu a kan ƙafafun da suka zama kamar na aro. A bakin ruwa akwai wani kwale-kwale da aka yi wa ado da furanni. Ya tura shi, ya faɗa ciki.

"Baba, wannan na ɗaukar hoto ne," in ji Mama Leisale daga rumfa. "Gindinsa a huje yake."

Wally bai ji ba. Ya kama filafili ya shiga zabga wa ruwa ta gefe ɗaya, kwale-kwalen ya shiga juyi a wuri guda kamar kare mai neman wurin kwanciya. Ruwa ya ja shi a hankali ya zaga da shi duwatsun, ya kawo shi daidai gaban babban bakin ruwan, inda mutum sama da dubu suke layin gasasshen nama. Shi kuwa idonsa na kan jirgi, ya ba su baya. Ruwa ya rufe idon sawunsa, ya hau ƙaurinsa. Ya cire hular yana kwarfa da ita, ruwan na shigowa ta ƙasa fiye da yadda yake fita ta sama.

Nan ya buɗe muryar da Allah ya ba shi.

"Ku tsaya! Ku dawo, don Allah! Ni ba kyaftin ba ne. Direban tumaki ne ni daga Cunnamulla. Hular ta gwanjo ce. Ban iya iyo ba, ko a bahon wanka ba na cika ruwa. Ku ɗauke ni ko a ɗakin wanki ne, kada dai ku kira 'yata!"

Kwale-kwalen ya yi wata 'yar ƙara ya nutse. Wally ya rungume filafili, ya runtse ido, ya fara ba Maureen haƙuri a kan labulen kicin. Ya jira ruwa ya rufe kansa. Ruwan ya tsaya a ƙirji.

Ya ji motsin wani yana tahowa. Ya buɗe ido ɗaya. Glenys ce, ta tattare siket da hannu guda, ɗayan hannun riƙe da farantin nama.

"Wally, miƙe tsaye."

"Zan nutse."

"Kana zaune a kan yashi. Miƙe."

Ya miƙe. Teku ta tsaya masa a cinya, wani furen ado maƙale a kunnensa. Ya juya a hankali, ya ga bakin ruwa cike da mutane, kowa da faranti, kowa da waya a ɗage. Da farko ba wanda ya yi motsi. Sai magidancin nan mai 'ya'ya huɗu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina hanyar ɗakin cin abinci?" Dariyar da ta tashi har tsuntsayen kan bishiyoyi sai da suka watse.

Pappas ya tare shi a gaɓa da tawul, ya miƙa masa agogonsa. "Sha biyu da kwata," ya ce a hankali, kamar mai faɗa wa majiyyaci sakamakon gwaji. Wally ya je ya ba Mama Leisale haƙuri, ta ce ba komai, ga layi can an fara, kowa yana son hoto a kwale-kwalen Kyaftin.

Washegari ya zo karin kumallo da rigar shan iska, ba kwat ba hula. Bai gama shafa man shanu ba wayarsa ta yi ƙara, fuskar Kerryn ta cika gilashin.

"Kafin ki ce komai," in ji shi, "ba wani ma'aikacin jirgi da ya bugo miki."

"Mutum goma sha bakwai suka bugo, Baba. Noelene sau uku. An haska bidiyonka a bangon kulob, sun ce za su sake ranar Juma'a saboda waɗanda ba su samu kujera ba."

Wally ya dubi burodinsa. "To, ki bar mini kujerar mahaifiyarki. Sauran kayan ki yi yadda kika ga dama."

Glenys ta goge hannu ta karɓe wayar. "Yarinya, sunana Glenys. Ni na tsamo miki shi. Gaskiya ne ya yi shekara arba'in yana jan tirela uku?"

"Arba'in da ɗaya," in ji Kerryn. "Wannan kam gaskiya ce. Ko kaza bai taɓa takawa ba."

"To, ina da ɗan jirgin kamun kifi a Cairns, a kan tirela, ina so a kai mini Karumba. Idona ya daina ganin hanya, 'ya'yana kuma sun ce in sayar da shi in koma wurinsu in riƙa kallon talabijin. Ina buƙatar direba zuwa watan Satumba. Ni zan riƙa dafa abinci, ba zai taɓa murhu ba."

Kerryn ta ce, "Kin san yana da surutu?"

"Kunnena ɗaya injin jirgi ya kashe shi. Ta nan zan zaunar da shi."

"Zuwa Satumba," in ji Kerryn a ƙarshe. "Daga nan mu gani. Baba, ka sa man rana, hancinka ya yi ja."

Da aka kashe wayar Wally ya juya cokali a cikin shayi. A hankali kafaɗunsa suka fara dawowa inda suke.

"Wato ni zan kai jirgi daga Cairns har Karumba."

"Kai za ka kai shi," in ji Glenys.

"Kilomita ɗari bakwai da hamsin, ni kaɗai a kan sitiyari."

"A kan kwalta, Wally."

Ya waiga dama da hagu, ya sunkuyo, ya rage murya iyakar yadda zai iya, wanda duk da haka sai da tebur uku suka ji.

"Wannan ɓangaren ba sai an kai shi Cunnamulla ba."